Awon Auduga: Sikeli Kaɗai Bai Isa Ba

Akwai wata tambaya da malaman makaranta su kan yi wa yara don gwada hankalinsu. Su kan ce, laba guda ta ƙarfe da laba guda ta auduga, wace ta fi nauyi? Yaro mai garaje sai ya yi farat ya ce ƙarfe, a yi masa dariya, gama laba ai laba ce. To, yau mu ma tambaya za mu yi, amma manya za mu yi wa, kuma ba ta dariya ba ce. Buhu biyu na auduga, an ɗora su a kan sikeli nauyinsu ya zo ɗaya, shin darajarsu ɗaya ce? Duk wanda ya taɓa yini a fulotin auduga, ko a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya san amsa. Wani buhun farin kaɗa ne ƙosasshe, wani kuwa rabinsa ganye da ƙasa da raɓa. Sikeli bai san wannan ba, nauyi kaɗai ya sani.

Abin da mu ke so mu jawo hankalin jama'a a kai shi ne, mun daɗe muna noman auduga, amma awonta muka sakar wa waɗansu. Wanda ya riƙe awo kuwa shi ya riƙe farashi. Muddin ba mu da mutanenmu da suka san yadda a ke auna kyawun auduga, tun daga fuloti har masaƙa, to, manomin Birnin Tsaba zai yi ta karɓar abin da aka ga dama aka miƙa masa, ba shi da bakin magana.

Kowa ya sani ba Bature ya koya wa Zamfarawa noman kaɗa ba. Tun kafin zuwansa mata na gurza, suna shiɓa, suna kaɗi da mazari, masaƙa na saƙa fari da saƙi, marina na tsomawa a karofi. Su ma suna da irin nasu awo. Tsohuwa ta kan ja silin auduga tsakanin yatsu ta ce wannan za ta yi zaren arafiya, waccan sai abawa. A 1902 ne attajiran masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta, wadda mutanenmu suka riƙa kira Bisije, don neman audugar da injinansu ke bukata. A 1912 aka shigo da irin nan mai suna Alan, wanda asalinsa na Amurka ne, mai sili ya fi na gargajiya tsawo. A 1929 hanyar jirgi daga Zariya ta ratsa Gusau ta iso Ƙauran Namoda, aka kuma kafa injin gurza a Gusau. Daga nan audugar ƙasar nan ta kama hanyar teku.

Dattawa suna tune da tsarin da aka bi a zamanin En'e. Ba a sayar da auduga sai a fulotin da hukuma ta amince da shi. Malamin auduga ya zazzage buhu ya duba, ya ce wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, wannan lamba uku, ko kuwa ya ce a koma a tsince. Akawu ya rubuta, a biya. Da kaka ta wuce a tuge itacen a ƙone saboda tsutsa, da damina ta ƙarato a raba angurya kyauta, iri guda a ƙasa guda. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa, a 1977 kuma aka sake kafa hukumar auduga ta ƙasa duka. Ba mu ce tsarin nan ba shi da aibu ba. Sau da yawa kuɗin da aka yanka wa manomi ya gaza abin da audugarsa ta samo a kasuwar duniya, rarar ta tafi waɗansu ayyuka. Amma akwai abu guda da ba a raina shi: mai kyakkyawar auduga ya san za a biya shi fiye da mai mummuna.

A 1986 Gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Aka ce kowa ya saya, kowa ya sayar. Farashi ya sami 'yanci, amma duba ya mutu. Da aka daina tambayar lamba sai nauyi, mutane suka lura ruwa ma nauyi gare shi, yashi ma haka. Iri ya gauraya, tun da angurya ta riƙa fitowa ta kowace kafa. Aka koma zuba auduga a buhun roba irin na taki, wanda zarensa ke tsinkewa ya shige cikinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masaƙun da aka gina don audugarmu, tun daga ta Kaduna wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, har ta Zamfara da aka kafa a Gusau cikin shekarun 1960, sun yi zamani sun durƙushe. Dalilan durƙushewarsu da yawa, akwai rashin wuta, akwai fasa-ƙwaurin yadi, amma lalacewar auduga na cikin lissafi.

To, mene ne wannan kyau da sikeli ba ya gani? Sai mu duba silin auduga kansa. Kowane sili daga bayan angurya ya ke tsirowa, kamar ɗan siririn bututu. Ya kan yi kamar mako uku yana tsawo, sa'an nan ya shiga kauri daga ciki, yana jera wani abu da masana ke kira selulos, shi ne kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na jikin auduga. In kwallon ya fashe sili ya bushe, sai bututun ya lotse ya murɗe. In aka yanka shi aka duba a madubin likita, za a ga bakinsa kamar ƙwayar wake. Audugar da aka shuka da wuri, ta sha ruwa ta ƙoshi, bangon silinta da kauri. Wadda aka shuka a makare, bayan an gama da gero da dawa, ruwa ya ɗauke mata, ko tsutsa ta ci kwallon, bangonta sirit. Irin wannan ita ke ƙulluwa a inji, ba ta kuwa shan rini, shi ya sa a kan ga ɗige-ɗigen fari a jikin waɗansu yadudduka masu duhu.

Cikin awon da masana ke yi wa sili akwai wanda za mu kira awon danƙarewa, watau yawan nauyin da ke danƙare cikin wani girma ƙayyadadde. Kada sunan ya tsorata kowa, matanmu suna aiki da shi kullum. Mudun gero da mudun dusa girmansu ɗaya, nauyinsu dabam. In mace na shiƙa, iska ta kwashe ƙaiƙayi tsaba ta zube a gindinta, bambancin danƙarewa ne ya raba su, ko sunan Birnin Tsaba ya isa ya tuna mana da haka. An ba da labarin wani masani Bagirke, Arkimidis na birnin Sirakusa, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa da wannan dabara ya tona asirin maƙerin da ya gauraya azurfa cikin zinariyar kambin sarki. Ya gane jabu ba tare da ya fasa kambin ba.

Ga yadda lissafin ya ke. Lita guda ta ruwa kilo 1 ce. Lita guda ta ƙarfe ta kusa kilo 8. Da za a iya danƙare silin auduga cikin lita guda har iska ta fita sarai, da nauyinsa ya kai wajen kilo 1.54. Ashe ke nan auduga ta fi ruwa nauyi! Abin da ke sa ta yawo a kan ruwa shi ne iskar da ke tsakaninta da wani ɗan maiƙo kamar kakin zuma da ke lulluɓe da silin. In aka dafa ta da soda aka wanke maiƙon, kamar yadda a ke yi wa audugar asibiti, sai ta nutse nan da nan. Hasali ma ƙa'idar masu haɗa magunguna ita ce audugar asibiti ta gari kada ta wuce daƙiƙa 10 ba ta nutse ba. Sauran zaruruwa kowanne da nasa lissafi. Foliyesta, watau zaren roba da a ke gauraya wa yadi, 1.38 ne. Gashin tumaki wajen 1.31. Nailan 1.14. Zaren buhun taki kuwa 0.91, shi ya sa ba ya nutsewa ko kusa.

Yanzu sai maganar audugar da aka jiƙa da magani. A 1844 wani marini na ƙasar Lankasha a Ingila, sunansa John Mercer, ya lura in aka tsoma auduga cikin ruwan soda mai ƙarfi, irin sodar da masu sabulu ke aiki da ita, sai ta kumbura, ta tsuke, ta ƙara ƙwari, ta kuma fi shan rini. Ya yi wa dabarar rajista a 1850. Wajen 1890 wani mai suna Horace Lowe ya gano in aka ɗaure zaren tam aka hana shi tsukewa sa'ad da ya ke cikin sodar, sai ya fito yana ƙyalli kamar alharini. Dalili shi ne silin da ya lotse ya murɗe ya kan warware ya zama kewayayye sumul, haske ya riƙa zamewa a kansa. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan sha'ani. Marinanmu da ruwan toka su ke haɗa baba, mabuga kuma su ke fito da ƙyallin kore da dukan icce. Shadda mai tsada da zaren ɗinkin da ke walƙiya a wuyan riga, galibi auduga ce da ta bi ta ruwan sodar nan.

Amma yaya mai masaƙa zai tabbata maganin ya ratsa cikin sili, bai tsaya a baya kawai ba? A nan awon danƙarewa ya ke da rana. A cikin bangon sili, selulos wani wuri a jere ya ke tsaf kamar tubalin da gwanin magini ya ɗora, wani wuri kuwa a hargitse. Inda ya ke a jere ya fi danƙarewa. Soda ta kan shiga ta rushe wani sashi na jerin, saboda haka danƙarewar audugar ta kan ragu kaɗan. Ragin ba shi da yawa, sai a lamba ta biyu bayan ɗigo a ke ganinsa, sikelin kasuwa ba zai taɓa jinsa ba.

Dabarar da aka daɗe ana bi mai sauƙin fahimta ce. A sami doguwar kwalba kamar gora, a kawo ruwan magani iri biyu da ba sa kumbura auduga, ɗaya marar nauyi, kamar zailin mai 0.86, ɗaya mai nauyi, wajen 1.6. A zuba su a hankali yadda gaurayen zai fi nauyi a ƙasa, ya yi ta raguwa har sama. A jefa 'yan ƙwallayen gilashi waɗanda aka riga aka san danƙarewarsu, kowanne ya tsaya inda ruwan ya yi daidai da shi, su zama kamar zanen da ke jikin ma'auni. Sa'an nan a busar da ɗan guntun auduga sarai, a fitar da iskar da ke cikinsa, a sake shi. Zai yi ta sauka har ya isa inda nauyin ruwan ya yi daidai da nasa, ya tsaya cak. Inda ya tsaya nan ne amsa. Aikin na son haƙuri, gama ɗigon laima ko kumfar iska ko canjin zafin ɗaki ya isa ya ɓata lissafi. Ruwan nan mai nauyi da aka saba aiki da shi a da, kabon tetirakulorayid, guba ne, yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 kuma ta sa an janye shi, yanzu akwai madadinsa, akwai kuma na'urar da ke awon da iskar hiliyam.

Wannan kwalba ta kan kama jabu kamar yadda Arkimidis ya kama maƙeri. In aka ce yadi auduga ne zalla, a yayyanka zarensa a saka. In gaskiya ne wuri guda zai taru. In an gauraya da roba sai ya rabu biyu, auduga a ƙasa, foliyesta a sama. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko wajen iri ma ana aiki da wannan hikima: in an cire gashin angurya da ruwan asid, a kan zuba ta a ruwa, ƙosasshiya ta nutse a ajiye don shuka, holoƙo ta taso a kwashe.

Kada mu ruɗi kowa. Ba da awon danƙarewa a ke yanka wa manomi farashi ba, wannan aikin ɗakin bincike ne da masaƙa. Ƙoshin sili da wata hanya a ke gane shi. Ɗaya ita ce a ɗiga wa sili ruwan soda mai ƙarfin kashi 18 cikin 100, a duba a madubi a ƙirga masu kaurin bango da marasa shi. Ɗaya kuma ita ce na'urar maikuroniya, wadda aka fito da ita cikin shekarun 1940, mai hura iska ta cikin dunƙulen auduga ta ga yadda ta ke wucewa. A Amurka auduga da ta faɗa tsakanin 3.5 da 4.9 a wannan awo ba a rage mata kuɗi, wadda ta fita daga nan a rage. Tun 1991 kowane dami na audugarsu na'ura ke duba shi, ya tafi kasuwa da takardarsa. Amma duk awon nan 'yan ɗaki ɗaya ne. Mai masaƙa da ya auna ya ga audugar wata ƙasa ba ta shan magani daidai, ko ya tsinci zaren buhu a cikinta, zai rage wa mai injin gurza. Mai inji ya rage wa dillali. Dillali ya rage wa manomi. Manomi kuwa ba shi da wanda zai rage wa sai tukunyar gidansa.

Mun san wani zai ce, mutanen da 'yan bindiga suka hana zuwa gona, waɗanda tun wajen 2011 su ke binne 'yan'uwansu, suna barin garuruwansu, su za a zo wa da zancen ɗigo da lamba? Wannan magana gaskiya ce, ba mu kuwa sa kome gaba da tsaron rai ba. Amma mu tuna, saurayin da gona ba ta biya shi ba ya fi sauƙin ruɗuwa. Ran da Allah ya kawo zaman lafiya, da me mutane za su koma gona? In suka koma suka tarar mai tsinta da mai zuba yashi kuɗinsu ɗaya, sai su bar auduga gaba ɗaya. Tun ran gini tun ran zane.

Saboda haka ga shawarwarinmu. Na farko, Gwamnatin Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi su mai da fuloti, da sikelin da aka gwada aka buga wa hatimi, da malamin duba wanda ba dillali ke biyansa ba, da bambancin kuɗi tsakanin lamba ɗaya da lamba biyu wanda zai sa tsinta ta biya wahalarta. A haɗa da ɗan ma'aunin laima, gama ƙa'idar cinikin duniya ita ce laimar auduga kashi 8.5 cikin 100, abin da ya haura wannan ruwa ne aka sayar.

Na biyu, a yi ɗakin awon auduga a cikin ƙasar nan tamu. Akwai babbar makarantar koyon sana'a ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, akwai jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, ita ta fito da irin auduga masu suna Samkot. In waɗannan uku suka haɗa kai, ba abin da zai hana a ɗebi samfur daga kowane fuloti a auna, a buga sakamako da Hausa a manna a bakin kasuwa.

Na uku, ku akawuna da malaman gona, magadan ma'aikatan En'e, ku riƙe littafi. Ranar shuka, irin da aka shuka, nauyi, lamba, farashi. Gardama ba ta ƙarewa tsakanin mutum biyu sai an buɗe rubutu. Alƙalaminku shi ne lauyan talaka.

Na huɗu, ku malaman makaranta, ba ku bukatar jiran kayan aiki daga ko'ina. Kofin gilashi da ruwa sun isa. Ku sa yara su jefa audugar gona, da audugar asibiti, da zaren buhun taki, su ga wanne ya nutse wanne ya ƙi, sa'an nan ku tambaye su dalili. Gani ya kori ji. Yaron da ya saba tambayar dalili a aji shi ne gobe zai tambayi dillali a fuloti.

Daga ƙarshe sai mu juyo kanmu, gama ba daidai ba ne mu ɗora wa wasu laifi duka. Mai yayyafa wa auduga ruwa da dare yana tsammani ya ci riba, alhali jiƙaƙƙiyar auduga zafi ta ke ɗauka a rumbu, ta yi ja, anguryarta ta ruɓe, baɗi a rasa iri. Mai saye kuma ba wawa ba ne, in ya ƙone sau ɗaya sai ya rage wa garin duka, mai gaskiya ya biya bashin da bai ci ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Malamanmu sun sha karanta mana abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu saboda tauye mudu. Wannan gargaɗi ya hau kan mai murɗa sikeli, ya kuma hau kan mai cusa dutse a buhu. A shuka da wuri, a tsince da tsabta, a zuba a buhun yadi, a kai a bushe. In muka gyara abin da mu ke ɗorawa a kan sikeli, sa'an nan za mu iya ɗaga murya mu ce a auna mana da gaskiya.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, ya sa albarka a gonakinmu, ya nuna mana ranar da ɗan manomin Birnin Tsaba zai auna audugar ubansa da hannunsa, ya faɗi darajarta a saurare shi. Amin.